Zahra, Zahra'u, Zara: Fure Ne Ko Haske?

 

Kafin in shiga magana, ina roƙon duk wadda ake kira Zahra, ko Zahra'u, ko Zara a wannan zaure ta ɗaga hannu. To, madalla, ku sauke, kun fi ƙarfin ƙirgata. Da zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in tambayi ma'anar sunan, na san abin da zan ji. 'Yan makarantar boko za su ce fure. 'Yan Islamiyya za su ce mai haske. Wata gwaggo daga can baya kuma ta ce mu daina wahalar da kanmu, Zara ai matar wata ce. Duka ukun suna da hujja, kuma abin da ya kawo ni yau shi ne in nuna muku inda kowace ta samo tata.

Jikata ce ta jefa ni cikin wannan bincike. Ranar suna liman ya raɗa mata Fatima, sunan mahaifiyata. Kun san halinmu, babu mai iya buɗe baki a gidan ya kira sunan tsohuwa gatsal, sai aka sakaya, aka riƙa ce wa yarinya Zahra'u. Aka kai ta firamare, malami ya rubuta Zara'u. A takardar haihuwa an sa Fatima Zahra. A katin jarrabawa kuma wani ya ga dama ya juya harafin ƙarshe, ta koma Zarah. Ba mu san an shuka mana tsiya ba sai ranar da muka je neman fasfo, ma'aikacin ya jera takardun a kan tebur, ya dube mu ya ce shi mutum uku yake gani. Sau uku muna komawa ofishin nan, daga ƙarshe sai da muka je kotu muka yi takardar rantsuwa cewa ita ce ita. A hanyar dawowa cikin adaidaita sahu ta ce da ni, "Kaka, kai da kake koyar da harshe, wanne ne daidai a ciki, kuma me yake nufi?" Na ce, "Amarya, bari mu isa gida." Gaskiyar magana, lokaci nake saye, don amsar da ke bakina a ranar rabi ce.

Mu fara daga allo. A Larabci kalmomi suna tsirowa ne daga saiwa, yawanci mai baƙaƙe uku. Saiwar da muke magana a kanta ita ce zaira, ha, ra. Idan kuka buɗe manyan ƙamusoshin Larabci irin su Lisanul Arab na Ibn Manzur, za ku ga ma'anonin wannan saiwa suna zagaye abu guda: haske, fari, ƙyalli, kyau da ke bayyana ga ido. Fitila idan ta haska, da wannan saiwa ake faɗa. Fuska idan ta yi annuri, haka. Tsiro idan ya fitar da fure, nan ma haka. A wajen Balaraben da ya ƙagi kalmar, fure shi ne hasken tsiro. Wanda ya taɓa ganin fako bayan ruwan farko, ƙasa ja wur sai ga ɗan farin fure ya ɓullo, ba zai yi mamakin wannan haɗi ba.

Daga wannan saiwa kalmomi uku suka fito waɗanda bakin Bahaushe ya dunƙule su wuri guda.

Ta farko zahra, mai ƙarewa da ta kuri. Ita ce fure, ƙwaya ɗaya. Jam'inta zuhur, ko azhaar da jan wasali. Ta zo a Alƙur'ani a Suratu Ɗaha, aya ta 131, inda aka yi amfani da ita wajen siffanta ƙawar rayuwar duniya, kuma malaman tafsiri sun lura da dacewar kalmar, don fure abu ne mai ɗaukar ido da saurin yaushi.

Ta biyu zahra'u, mai ƙarewa da alif da hamza. Wannan sifa ce ta mace, namijinta azhar. Gininta irin na launuka ne a Larabci: ahmar da hamra'u, ja da ja ta mace, abyad da baida'u, fari da fara. Kun san waɗannan kalmomi ko da ba ku lura ba. Fadar Alhambra da ke Giranada a Sifaniya, Alhamra'u ce, wato ja. Birnin Kasabalanka na Maroko, Larabawa Darul Baida'u suke ce masa, farin gida. To haka Zahra'u take, ma'anarta mai haske, mai annurin fuska. Babu fure a cikinta kai tsaye. Ita ce laƙabin Nana Fatima, 'yar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da Nana Khadija, matar Sayyidina Aliyu, mahaifiyar Hasan da Husaini, wadda ta rasu a shekara ta 11 bayan hijira, wato 632, 'yan watanni bayan mahaifinta. Shi kansa Manzon Allah, a hadisin Anas, da kalmar azhar aka siffanta launin fatarsa. Surorin Baƙara da Ali Imrana kuma an kira su Zahrawani, masu haske biyu. Don haka lokacin da aka sakaya sunan jikata da Zahra'u, ba a canza mata suna ba. An ɗauko laƙabin mai sunan ta asali ne aka ba ta, kamar yadda ake ce wa Fatima Binta ko Batula, ake ce wa A'isha Humaira, ake ce wa Khadija Kubura.

Ta uku ita ce ta gwaggo. Larabawa suna kiran tauraruwar nan da ta fi kowace haske Zuhara. Ita ce ta zama Zuhura a Sawahili, Zuhre a Turkanci, Zohre a Farisanci, duk kuma sunayen mata ne a can. Da ta iso ƙasar Hausa sai ta zama Zara, muka kuma ɗaura mata aure da wata, saboda yadda ake ganinta kusa da jinjirin wata bayan magariba. Abin dariya shi ne idan ta fito da asuba sai mu canza mata jinsi mu ce Gamzaki, alhali abu ɗaya ne. Masana sararin sama sun tabbatar duniya ce kamar tamu, ita ce ta biyu daga rana, tana zagaye rana cikin kwana 225. Haskenta na aro ne, gajimare mai kauri da ya lulluɓe ta ne ke mayar da hasken rana. Zafin da ke doronta ya kai digiri 460. Wata dai ya yi haƙurin zama da wannan mata.

Me ya sa ukun suka cakuɗe mana? Hausa ba ta son ha a tsakiyar kalma ba tare da wasali ya biyo ta ba. Ko dai mu saka mata wasali, ko mu haɗiye ta. Shi ya sa za ku ji Zahara, za ku ji Zara, za ku ji Zara'u. Rubutun boko kuma ba shi da ta kuri, ba shi da alamar jan wasali a rubutun yau da kullum. Bambancin da ɗan makarantar allo ke gani da ido a kan allonsa, da zarar an mayar da shi boko sai ya ɓace. Misali mafi kusa shi ne sunan jami'ar Azhar. Na sha jin ana cewa ma'anarsa furanni. A'a. Furanni azhaar ne, da ja. Azhar na Alƙahira gajere ne, namijin Zahra'u, mafi haske. Daular Faɗimiyya ta ci Masar a 969, kwamandansu Jauhar ya aza harsashin masallacin a 970, aka fara sallar Juma'a a cikinsa a 972. Daular tana danganta kanta da Nana Fatima, kuma abin da ya fi yaɗuwa a wajen masu tarihi shi ne daga laƙabinta aka samo sunan masallacin. Duk ɗalibinmu da ya dawo daga can ana ce masa Azhari, to shi da Zahra'un gidanku 'yan gida ɗaya ne a nahawu.

Yanzu mu tsallaka teku, don a Andalus ne wannan suna ya yi wasa mafi daɗi. Abdurrahman na Uku, sarkin Ƙurɗuba, ya ayyana kansa halifa a 929. A 936 ya fara gina sabon birni a gindin dutse, kimanin kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba, ya sa masa suna Madinatuz Zahra'u, birni mai haske. Akwai labarin da ake bayarwa cewa wata ƙwarƙwararsa ce mai suna Zahra'u ya gina dominta. Labari ne mai daɗin ji da dare, amma masu tarihi na zamani ba su ba shi nauyi ba. Wasunsu suna ganin siyasa ce: abokan hamayyarsa Faɗimiyyawa suna tinƙaho da Zahra'u, shi ma ya nuna musu hasken ba nasu ne su kaɗai ba. Birnin bai yi tsawon rai ba. Bai cika shekara 80 ba yaƙin basasa ya cinye shi wajen 1010, aka kwashe duwatsunsa aka yi gine-gine a wasu wurare, ƙasa ta binne sauran. Sai a 1911 aka fara tono shi, kuma a 2018 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Amma kafin ya rushe ya bar wa duniya mutum guda: Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan fiɗa, wanda ya rasu wajen 1013. Littafinsa Attasrif kashi 30 ne, na ƙarshen a kan fiɗa yake, da zanen kayan aiki, an fassara shi zuwa Latin, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi. Azzahrawi na nufin mutumin Zahra'u, kamar yadda za mu ce Bakano ko Bakatsine.

Mutanen Sifaniya a yau suna kiran kangon birnin Medina Azahara, suna kuma raɗa wa 'ya'yansu mata Azahara, musamman a yankin Ƙurɗuba. A harshensu kuma akwai wata kalmar da suka gada daga Larabci, daga ɓangaren fure wannan karon, wadda ke nufin farin furen lemo. Ku saurara da kyau: azahar. Haka suke rubuta ta, harafi da harafi kamar sallarmu ta Azahar. Akwai ma wani yanki na gaɓar tekunsu ta gabas da ake kira Costa del Azahar saboda gonakin lemo. Bahaushe ya je can ya ga allon hanya, sai ya ɗauka gaɓar masu salla ce. Babu dangantaka ko kaɗan. Azahar ɗinmu da zadi take farawa, daga saiwar bayyana, inda muka samo zahiri. Tasu da zaira take. Harsuna biyu da ba su san juna ba, kowanne ya ari kalma daban daga Larabci, ya tauna ta da haƙoransa, suka fito da abu iri ɗaya. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya riƙa taka-tsantsan da masu cewa kalma kaza daga kaza ta fito don kawai sun ji amo ya yi kama.

Shi furen lemon nan, ana tatsar ruwansa. Larabawa suna ce masa ma'uz zahar. A Maroko ana zuba shi a kayan zaƙi, ana yayyafa wa baƙi a hannu. A Labanan ana ɗiga shi a ruwan zafi a sha bayan abinci, suna kiransa farin gahawa ko da yake babu gahawa a ciki. Kuma kada mai suna Zahra ta ji haushi idan ta je kasuwa a Dimashƙa ko Amman ta ji ana tallarta kilo-kilo. A can farin kabeji ake kira zahra. A Masar kuma bular da ake sa wa fararen kaya bayan wanki ita ce zahra. Kun ga ko a nan, fari da haske ba su bar kalmar ba.

Inda abin ya fi ɗaure kai shi ne Farisa. Iraniyawa suna son sunan Zahra ƙwarai saboda Nana Fatima, yana cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar. Turkawa su ce Zehra. Amma a Farisanci akwai kalmar zahr, da baƙaƙen nan uku, zaira, ha, ra, kuma ma'anarta guba. Daga can ta shiga Turkanci ta zama zehir, ta shiga Urdu da Indiyanci, masu kallon fina-finan Indiya sun sha jin ta a bakin mugun fim. Kalma ce tasu ta gado, ba ta haɗa kaka da ta Larabci ba. Sannan sunan tauraruwa, Zohre, idan aka rubuta shi babu wasulla, daidai yake da wata kalmarsu mai nufin matsarmama, wadda suke amfani da ita wajen nufin ƙarfin zuciya. Rubutu ɗaya, mai karatu ne zai zaɓa ko tauraruwa ko ɗaci. Ibrananci kuwa, da yake ɗan'uwan Larabci ne na jini, ya riƙe ɓangaren haske: zohar a wajensu annuri ne, sunan mutane ne maza da mata, kuma sunan wani shahararren littafin sufancin Yahudawa da ya bayyana a Sifaniya a ƙarni na 13.

Zarar Turawa ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Sunan ya fara yawo a Ingila ta hanyar wasan kwaikwayo. A 1697 William Congreve ya sa shi ga wata sarauniya da aka kamo a yaƙi a cikin wani wasansa. Ya ƙara bazuwa bayan 1981, lokacin da Gimbiya Anne ta raɗa wa 'yarta Zara, wadda ta girma ta ci lambar azurfa a wasan dawaki a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Shi kuma kantin tufafin nan Zara, da 'yanmata ke ɗauka takwararsu ne, Amancio Ortega ya buɗe shi a 1975 a garin A Coruña, kuma labarin da aka sani shi ne Zorba ya so sa masa, ya tarar wata mashaya a unguwar ta riga shi, sai ya sake jera haruffan. Wani takwaran na daban kuma, Sarkin Habasha Zara Yakob, wanda ya yi mulki daga 1434 zuwa 1468, namiji ne, sunansa kuma na nufin irin Yakubu, wato zuriyarsa.

Akwai tambayar da ta fi damuna fiye da duk waɗannan. Larabawa suna da Zahra, suna da Warda daga furen wardi, suna da Yasmin da suka aro daga Farisa, wadda ta bi ta Faransa ta zama sunan 'yanmatan Turai, suna da Sausan wadda 'yar'uwar Shoshana ce ta Ibrananci, uwar Susana. Mu fa? Ku laluba sunayen mata na Hausa na gado ku nemo mini fure. Za ku samu ranar haihuwa: Ladi, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe. Za ku samu lokaci: Azumi, Tasalla, Marka. Za ku samu matsayi a ɗakin uwa: Auta, Kande, Delu, Gambo. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini ai ga Furera. Na ce Allah ya ba ka lada, amma Furera da Hurera suna ɗaya ne, fa da ha ne ke musanya kamar a fula da hula, kuma Huraira ta Larabci ake danganta shi da ita, wato 'yar kyanwa.

Ra'ayina, kuma ra'ayi ne, shi ne Bahaushe manomi ne, fure a wajensa alkawari ne da ba a cika ba tukuna. Idan wake ya yi fure yana murna ne don ya hango ƙwaya. Furen kabewa da na zogale, tukunya yake kai su. Ba mu da al'adar tsinko fure a miƙa wa masoyi, turare da goro da lalle muke kaiwa. Kai, idan muka ce da abu furen juji, ai ba yabo ba ne. Da Bahaushe zai yabi kyan mace, sama yake dubawa, ya kira wata, ya kira tauraruwa, ko ya ce zinariya. Shi ya sa nake ganin ba banza ba, daga cikin kalmomin nan uku, biyun da suka fara samun gindin zama a wajen kakanninmu su ne Zahra'u ta addini da Zara ta sama, duka masu haske. Zahra mai ma'anar fure baƙuwa ce ta baya-bayan nan, ta shigo tare da makarantun Islamiyya na zamani, da littattafan soyayya, da fina-finan da suka koya wa samarinmu riƙe fure a bayansu. Har kalmar da suke amfani da ita ma aro ce, fulawa, wadda muke kiran garin alkama da ita. Wannan ruɗani ba laifinmu ba ne, a Ingilishi ma asalinsu kalma ɗaya ce, garin da aka tankaɗe shi ne furen alkama, daga baya suka raba rubutun.

To me na ce wa jikata da muka isa gida? Na ɗauko takarda na rubuta mata kalmomin uku da ajami, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, na nuna mata ƙarshen kowace. Na ce taki ita ce ta tsakiya, mai alif da hamza, domin wadda aka yi niyya ranar da aka yanka ragonki Fatima ce, kuma ma'anar suna tana bin niyyar wanda ya raɗa shi kafin ta bi ƙamus. Ƙawarki da mahaifinta ya ga kalmar a littafi ya so fure, tata mai ta kuri ce, ita ma daidai ne. Ta dubi takardar ta ce, "To ni fure nake so." Na ce ai ba a hana ki ba, saiwarku ɗaya. Ta ce ita dai a fasfo kada a sake taɓa mata ko harafi ɗaya. A nan ne muka yi ittifaƙi.

Iyaye da ke nan, ku zaɓi rubutu ɗaya tun ranar suna, ku rubuta shi da hannunku ku ba malamin asibiti da na makaranta, don kuɗin takardar rantsuwa ya ishi cefanen kwana biyu.

Na ga shugaban taro yana duban agogo, kuma an kusa kiran Azahar, mai zadi, ba ta Sifaniya ba. Masu tambaya su matso kusa da lasifika, waɗanda suka ɗaga hannu ɗazu su ne kan gaba.